Jadawalin aiki

Jadawalin aiki tsari ne na raba ayyuka a kan lokaci da ma'aikata da kayan aiki, ta yadda za a san aikin da za a fara, wanda zai biyo bayansa, wanda zai yi shi, da lokacin da ake sa ran kammala shi. Yana cikin fannonin ilimin tafiyar da masana'antu da kasuwanci, kuma ana koyar da shi a sassan injiniyanci, lissafi da kimiyyar kwamfuta. Buƙatarsa tana tasowa ne a duk inda ayyuka suka fi hannuwa ko injuna yawa, ko a babbar masaƙa ne, ko a shagon tela, ko wurin injin niƙa, ko ɗakin shan magani na ƙauye.

Masana suna raba maganar gida uku. Akwai rabon aiki, wato yanke shawarar injin ko mutumin da za a ɗora wa kowane aiki. Akwai jerantawa, wato wane aiki ne zai riga wane. Sannan akwai tsayar da lokaci, wato sa wa kowane aiki ranar farawa da ranar gamawa. Jerantawa ce ta fi jan hankalin masu bincike, domin sauya jerin ayyuka kaɗai, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko an sayi sabon inji ba, yana iya rage jira da saɓa alƙawari sosai.

Tarihi

Tsara aiki bisa lokaci ya girmi rubutu a kansa. A ƙasar Hausa, gayya misali ce: matasan gari suna haɗuwa su yi noma a gonar mutum ɗaya yau, wata rana su koma ta wani, kuma sai an daidaita ranakun don kada gayya biyu su ci karo. Haka kasuwannin mako-mako suke, kowace da ranar cinta, abin da ke bai wa ɗan kasuwa ɗaya da mota ɗaya damar zagaya garuruwa da dama a cikin mako.

Nazarin abin a rubuce ya fara ne da bunƙasar masana'antu. Injiniya ɗan ƙasar Folan, Karol Adamiecki, ya ƙirƙiro wata taswirar tsara aiki a shekarar 1896 a masana'antar ƙarfe, amma bai wallafa ta da wuri ba. Ba'amurke Henry Gantt, wanda ya yi aiki tare da Frederick Taylor, ya fito da tasa tsakanin 1910 da 1915, ita ce kuma ta yaɗu har ake kiranta taswirar Gantt. Fasalinta mai sauƙi ne: ana jera ayyuka ko injuna daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma daga hagu zuwa dama, sai a ja sanda mai tsawon lokacin da kowane aiki zai ci. Da kallo ɗaya mutum zai ga injin da ke zaune babu aiki da wanda aka yi wa lodi.

A shekarun 1950 ne lissafi ya shigo sosai. S. M. Johnson ya wallafa ƙa'idarsa ta injuna biyu a 1954, J. R. Jackson ya yi bayanin ƙa'idar ranar alƙawari a 1955, W. E. Smith kuma ya tabbatar da ƙa'idar gajeren aiki a 1956. A 1957 kamfanin DuPont tare da Remington Rand suka samar da dabarar CPM don manyan ayyukan gini da gyaran masana'anta, a 1958 kuma rundunar sojan ruwan Amurka ta samar da PERT don shirin makamin Polaris. A Japan, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya ɓullo da tsarin kanban, inda sashe ba ya ƙera kaya sai sashen da ke gabansa ya aiko da katin buƙata.

Ƙa'idojin jerantawa a wurin aiki guda

Matsala mafi sauƙi ita ce ta mutum ɗaya ko inji ɗaya da ayyuka da yawa suke jira. Ƙa'idojin da aka fi sani su ne: wanda ya riga zuwa shi za a fara yi wa, a fara da aikin da ya fi gajarta, ko a fara da aikin da ranar alƙawarinsa ta fi kusa.

Misalin tela zai nuna bambancinsu. A ɗauka tela yana da ɗinki biyar, kuma ga yadda aka kawo su a jere:

Babbar riga, aikin kwana 5, alƙawari rana ta 10.
Kayan makaranta, aikin kwana 1, alƙawari rana ta 3.
Kaftani da wando, aikin kwana 3, alƙawari rana ta 12.
Riga da zani, aikin kwana 2, alƙawari rana ta 5.
Kayan yara, aikin kwana 4, alƙawari rana ta 14.

Ko ta wane jeri ya bi, kwana 15 zai yi kafin ya gama duka. Abin da ke sauyawa shi ne wanda zai jira da tsawon jiransa. Idan ya bi yadda aka kawo, zai gama su a ranaku na 5, 6, 9, 11 da 15. Matsakaicin jira ya zama kwana 9.2, kuma ya saɓa wa mutum uku: mai kayan makaranta da kwana 3, mai riga da zani da kwana 6, mai kayan yara da kwana 1.

Idan ya fara da mafi gajarta, wato kayan makaranta, riga da zani, kaftani, kayan yara, sannan babbar riga, zai gama a ranaku na 1, 3, 6, 10 da 15. Matsakaicin jira ya sauko zuwa kwana 7, mutum ɗaya kaɗai ya saɓa wa, amma mai babbar riga, wanda shi ya riga kowa kawowa, sai ya ƙara kwana 5 a kan alƙawari. An tabbatar a lissafi cewa a wurin aiki guda babu jerin da ya kai wannan rage matsakaicin jira. Illarsa ita ce, idan ƙananan ayyuka suna ta shigowa, babban aiki zai yi ta komawa baya. Duk wanda ya taɓa kai babbar riga ɗinki a watan azumi ya san wannan.

Idan kuwa ya bi ranar alƙawari, jerin zai zama kayan makaranta, riga da zani, babbar riga, kaftani, kayan yara, ya gama a ranaku na 1, 3, 8, 11 da 15. Matsakaicin jira kwana 7.6 ne, mutum ɗaya ya saɓa wa, kuma da kwana ɗaya tak. Abin da Jackson ya nuna ke nan: wannan ƙa'ida ita ce ke sa jinkiri mafi tsawo ya zama ƙarami gwargwadon iko. Ba ta ba da tabbacin rage yawan mutanen da za a saɓa wa ba. Don wannan manufa akwai wata dabara ta J. M. Moore ta 1968, wadda ke bin ranar alƙawari amma da zarar an ga za a makara, sai a cire aiki mafi tsawo daga cikin waɗanda aka riga aka jera a mayar da shi ƙarshe.

Saboda haka zaɓin ƙa'ida ya dogara ne ga abin da mai aiki ya fi damuwa da shi. Bin layi ba ya cika yin kyau a alƙaluma, amma shi ne mutane suka fi yarda da adalcinsa, shi ya sa bankuna da gidajen mai da wuraren ɗiban ruwa suke riƙe da shi. A inda mutane suke tsaye suna kallon juna, tsallake wani yakan jawo rigimar da ta fi ribar da aka samu.

Ƙa'idar Johnson

Idan kowane aiki sai ya bi ta matakai biyu a jere, kamar ɗinki sannan aikin wuya, ko wanki sannan guga, manufar takan zama a gama komai da wuri kuma mutum na biyu kada ya zauna yana jira. Ƙa'idar Johnson ta ce a duba dukkan lokutan a nemo mafi ƙanƙanta. In a mataki na farko yake, a sa aikin a gaba. In a mataki na biyu yake, a sa shi a ƙarshe. Sai a cire shi daga lissafi a maimaita da sauran.

A ɗauki riguna huɗu. Ta farko tana cin awa 6 a ɗinki da awa 5 a aikin wuya, ta biyu 5 da 2, ta uku 3 da 6, ta huɗu 1 da 4. Idan aka bi su a haka, mai aikin wuya zai yi awa 6 yana jiran riga ta farko, ya sake zaman awa 1 a tsakiya, a gama duka a awa ta 24. A ƙa'idar Johnson, mafi ƙanƙantar lokaci shi ne awa 1 na ɗinkin riga ta huɗu, don haka ita ce farko. Sai awa 2 na aikin wuyan riga ta biyu, ita ce ƙarshe. Sai awa 3 na ɗinkin ta uku, ta zo a matsayi na biyu. Jerin ya zama ta huɗu, ta uku, ta farko, ta biyu, kuma a gama a awa ta 18. Mai aikin wuya awa ɗaya kawai ya zauna. An sami rarar awa 6 ba tare da kowa ya ƙara sauri ba.

Daga matakai uku zuwa sama, babu ƙa'ida mai sauƙi irin wannan da ke aiki a kowane hali. Ayyuka 5 ana iya jera su ta hanya 120, ayyuka 10 kuma ta hanya 3,628,800, a inji guda ke nan. A 1976 Garey da Johnson da Sethi suka nuna cewa matsalar injuna uku tana cikin rukunin matsalolin da ba a san hanyar warware su da sauri ba. Wata matsala ta ayyuka 10 da injuna 10 da Fisher da Thompson suka gabatar a 1963 ta gagari masu bincike har 1989, lokacin da Carlier da Pinson suka wallafa warwararta. Shi ya sa manhajojin da masana'antu ke amfani da su yawanci jadawali mai kyau suke nema, ba mafi kyau duka ba.

Lokacin sauya aiki da maƙurar aiki

Wani lokaci jerin yana shafar tsawon aikin kansa. Mai injin niƙa da ya niƙa barkono sai ya wanke ko ya kwance injin kafin ya zuba gero, alhali daga gero zuwa dawa ba sai ya yi haka ba. Don haka yakan tara hatsi ya gama da su, ya bar mai yaji zuwa ƙarshe, wasu kuma su ajiye inji daban don markaɗe. A masana'antar rini da ta fenti ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu saboda wannan dalili. Tara ayyuka iri ɗaya yana rage ɓata lokaci, amma yana tsawaita jiran wanda nasa ya bambanta. Injiniyan Japan Shigeo Shingo ya shahara da dabarun rage lokacin sauya kayan inji zuwa ƙasa da minti goma, domin a iya yin ƙananan rukunai ba tare da asara ba.

Maƙurar aiki ita ce matakin da ya fi kowane jinkiri, wanda shi ke ƙayyade abin da dukkan wurin zai iya fitarwa. Eliyahu Goldratt ya yaɗa wannan tunani a littafinsa The Goal na 1984: awa ɗaya da aka rasa a maƙura an rasa ta a masana'anta baki ɗaya, awa ɗaya da aka tsimi a wani wuri kuwa ba ta ƙara komai. A ƙananan sana'o'in arewacin Najeriya maƙurar sau da yawa wutar lantarki ce. A tsarin rukunin masu amfani da wuta na ƙasar, rukunin A ne aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, rukunin E kuma awa 4. Mai walda ko mai injin da ke ƙaramin rukuni yakan ajiye aikin da ke cin wuta sai an kawo ta, ya yi awo da yanka da haɗa kaya a sauran lokaci, ko kuma ya lissafa ko aikin ya kai a tayar masa da janareta.

A wuraren hidima

Hidima ta bambanta da ƙira domin ba a ajiye ta a sito. Kujerar mota da ta tashi babu fasinja ta tafi ke nan, haka ma awar likita da babu marar lafiya. Kuma ba a san lokacin da masu buƙata za su zo ba. Injiniya ɗan Denmak, A. K. Erlang, shi ya fara lissafin layin jira a 1909 yayin da yake aiki da kamfanin tarho na Kofanhegan. Daga cikin sakamakon wannan fanni akwai wanda ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya sani. A mafi sauƙin ƙirar lissafin, mai hidima ɗaya da masu zuwa ba bisa tsari ba, idan yana cikin aiki kashi 50 cikin 100 na lokacinsa, matsakaicin mutanen da ke wurin 1 ne. A kashi 80 sun zama 4, a kashi 90 sun zama 9, a kashi 95 kuma 19. Wato cika wa ma'aikaci lokaci maƙil yana haifar da dogon layi, kuma ɗan sararin da ake gani kamar asara shi ne ke shanye cunkoso.

Dokar John Little ta 1961 ta ce matsakaicin mutanen da ke wuri daidai yake da yawan masu zuwa a awa sau tsawon zaman kowa. Asibitin da mutum 20 suke zuwa a awa, kowa ya yi awa ɗaya da rabi, zai riƙa ɗauke da mutum 30 a lokaci guda, kuma da wannan ake ƙiyasta benci da rumfa.

A asibiti ba a bin layi zalla. Ana tantance marasa lafiya bisa tsananin ciwo, tsarin da ake danganta asalinsa da Dominique Jean Larrey, likitan sojojin Napoleon. Ga masu zuwa ganin likita kuma, Norman Bailey ya ba da shawara a 1952 a Ingila cewa a kira mutum biyu a farkon zama, sannan ɗaya-ɗaya bisa matsakaicin lokacin ganin likita, maimakon a tara kowa da sassafe. Ranar rigakafi a ƙananan asibitoci ita ma jadawali ce: allurar BCG da ta ƙyanda suna zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara da yawa, kuma in an haɗa su da ruwansu sai a zubar da ragowar bayan awa shida, don haka ake ware rana a tara iyaye mata.

A karkarar yammacin Katsina

A yankin Batsari da Safana, inda ƙauyuka irin su Yasore suke, yawancin mutane manoma ne da makiyaya, kuma damina ce take tsara shekara. Ruwa yakan zauna daga wajen Yuni zuwa Satumba. Da an yi ruwan shuka, kowa yana son huɗa a cikin 'yan kwanakin da ƙasa ke da laima, alhali garmar shanu da tarakta ba su kai yawan gonaki ba. Mai garma yana fuskantar matsalar tela sak, da ƙarin tafiya tsakanin gonaki, wadda take matsayin lokacin sauya aiki, ga kuma gajiyar shanu da ke sa a yi aikin da safe. Yakan haɗa gonakin da ke maƙwabtaka a rana guda ko da ba su ne suka riga yin magana ba. Bayan shuka sai noman firi da maimai, waɗanda ba sa jira, domin ciyawa tana cin amfanin gona in an makara. Magidanci mai gona fiye da ɗaya sai ya zaɓi wadda 'yan ƙwadago za su fara shiga. Gero yana riga dawa nuna, kuma wannan yana raba aikin girbi gida biyu. Rogo, wanda aka san Batsari da shi, yana da sauƙi ta wannan fuska domin yana iya zama a ƙasa a riƙa tonowa daidai buƙata, sai dai da an tone shi ba ya daɗewa, don haka ake daidaita tono da ranar kasuwa da samuwar mota.

Kasuwar Batsari tana ci ranar Alhamis, ta Jibiya kuma ranar Lahadi. Ranar kasuwa ita ce ranar alƙawari ga maƙeri, tela, mai gyaran babur da mai sussuka, domin ranar ce mutanen ƙauye suke shigowa gari su karɓi aikinsu. Wanda aka saɓa wa yakan jira mako guda cur, ko ya sake biyan kuɗin abin hawa.

Matsalar tsaro da ke da nasaba da dajin Rugu ta shafi wannan tsari. A wuraren da ake fargabar hari, manoma sun rage awannin zama a gona, musamman gonakin nesa, ana kuma guje wa tafiyar yamma. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta haɗa da hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Batsari da Safana, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har zuwa wajen ƙarshen shekarar. Katsewar ta shafi masu sana'a kai tsaye, domin ta waya direba da mai kaya, ko mai tarakta da manomi, suke tsayar da rana su kuma sauya ta.

A noman rani, rabon ruwa ne babban jadawali. A madatsu irin su Jibiya da Zobe a Katsina, da aikin noman rani na Kadawa da ke shan ruwa daga Tiga a Kano, magudana ɗaya take shayar da gonaki da yawa, kuma wanda ke ƙarshenta shi ke fara jin ƙarancin ruwa in na gaba suka wuce lokacinsu. A Indiya da Fakistan akwai tsarin da ake kira warabandi, inda ake raba awa 168 na mako tsakanin manoman magudana gwargwadon girman gonar kowa, kowa ya san ranarsa da awarsa, ko da tsakar dare ta faɗo.